Dutsen da Ke Cin Wuta

Jatau ake ce masa, don hasken fatarsa,
sai ya tafi Inugu ya dawo baƙi ƙirin.
Kakata Tasalla ta ce wanka uku ya yi da sabulun salo
a bayan ɗakinta, nan Tudun Wada,
amma baƙin ƙarƙashin farce ya ƙi fita,
da na gefen ido, sai ka ce ya ranbaɗa tozali.

Haraji ya kore shi daga gonar auduga.
Shekara shida yana shiga cikin dutse da rarrafe,
fitila a goshi, diga a hannu,
yana rama azahar tare da magariba
don can ƙasa ba inuwar da za ta faɗa maka lokaci.
Sau biyu rami ya rufta da shi.
Sau biyu ƙasa ta tauna shi ta tofar.

Ƙarshen wata Tasalla kan taka zuwa tasha, Sabon Gari,
ta karɓi sulalla a hannun Salami mai hura wutar jirgi.
Ba ta saurin juyawa.
Takan tsaya gaban tulin kwal na loko
tana duba wanne ne ya san hannun mijinta.
Wata rana ta sunkuya ta ɗauki guda,
bai kai ƙwan zabo ba,
ta ƙulle a bakin zane kamar kuɗin cefane.

Hutu ya zo yi, da tari a ƙirji,
ya tarar ana shelar yaƙin Bama.
Saje ya zagaya ƙirjin nan da igiya, ya ce ya isa.
Tasalla ta ce, ba ka gaji da neman ajali ba?
Ya yi dariya har tarin ya tashi.
Ya ce, soja dai ko ba komai yana ganin sama.

Shebur suka fara ba shi, kafin bindiga.

Mijinyawa, wanda ya dawo da kunne ɗaya,
shi ya zauna a zaure ya ba da labari:
ruwan can ba ya ɗaukewa,
kowa raminsa na zubewa, ban da na Jatau,
don shi tokara nasa yake da gora, irin ta Inugu,
har Turawa na leƙowa su gani.
A cikinsa abin ya same shi, da hantsi.
Ba su haƙa masa wani ba.
Mijinyawa ya ce, wallahi ban taɓa ganin kabari mai kyansa ba,
sai ya rufe bakinsa da hula.

Cikin wata bakwai gare ta.
Da aka haihu, sunan bai wahalar da kowa ba: Audi.
Ubana ke nan.
Bai san fuskar Jatau ba, babu hoto,
sai dai tsofaffi su ce, ga tafiyar tasa nan,
kai a duƙe, kamar mai tsoron rufi.
Shi ma loko ya ci abincinsa, yana loda kwal
har ranar da jirgin gas ya shigo Zariya
aka ce su ajiye shebur.

Lambar yabon da aka aiko, yara sun yi wasa da ita,
ta faɗa rijiya ko kwata, ba wanda ya tuna.
Amma dutsen yana cikin kwallar Tasalla, ƙarƙashin kanumfari.
Wata damina itace ya jiƙe, mun kwana ba tuwo,
innata ta ce ko a gwada shi a murhu.
Tsohuwa ba ta ce uffan ba,
ta ɗauke kwallar ta sa a ƙarƙashin kanta.

Yanzu yana wurina, a Samaru, cikin aljihun tebur.
Ban san ko Jatau ya taɓa shi ba.
Ita ma ba ta sani ba.
Jiya na ɗauko shi in nuna wa 'yata,
ta juya shi, ta ce ai gawayi ne kawai,
ta miƙo mini, ta goge hannu a riga.
Har yanzu ina wanke rigar.